Launi Na Biyar

A Sashen Lissafi na jami'ar akwai 'yan sama, akwai 'yan ƙasa, kuma bene ne ya raba su. A sama masu lissafi tsantsa suke, masu neman hujja don hujja: wannan yana bin sawun lambobin da ba sa rabuwa, wancan yana auna siffofin da ido bai taɓa gani ba. A ƙasa kuwa masu lissafin aiki ne, masu binciken yadda annoba ke yaɗuwa, da yadda ake kulle saƙo a waya, da yadda na'ura ke koyon abu da kanta. 'Yan sama suna kiran na ƙasa 'yan kwangila. 'Yan ƙasa kuma suna cewa na sama masassaƙan turmin da ba za a taɓa daka a ciki ba ne. Ɗakin shan shayi ɗaya gare su, a kwanar matakala, amma ko sukari kowane ɓangare da gwangwaninsa.

Babban 'yan sama shi ne Farfesa, wanda ɗalibai ke kira Ba-Tababa a bayan idonsa, don da wannan kalma yake rufe kowace hujja, ya buga alli a allo har ya karye. Ita kuwa Dakta, wadda labarin nan nata ne, ofishinta a ƙasa yake, jikin ɗakin na'urori. A gida Auta ake ce mata, kuma Farfesan nan kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta ciki ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya koya mata lissafi, shi ya riƙa nuna ta ga abokansa kamar sabuwar mota. Ran da ta gaya masa ta zaɓi lissafin aiki, sai ya ce, "Na koya miki gini, kin zaɓi yaɓe." Daga ranar, abin da ke tsakaninsu bai wuce "ina kwana, Kawu" da "lafiya" ba.

Abin da ya ɗaga sunan Kawu a duniyar lissafi wani hasashe ne. A ɗiga ɗigo-ɗigo a takarda, a haɗa wasu da wasu da layi. Sai a ce a shafa wa kowane ɗigo launi, bisa sharaɗin kada biyun da layi ya haɗa su zo launi ɗaya. Launi nawa ne mafi ƙaranci da zai isa? Kawu ya ware wani nau'in zane da ya raɗa wa suna saƙar gizo, ya ce komai girmansa, launi huɗu sun ishe shi. Bai iya tabbatar da hakan ba, amma ba wanda ya iya ƙaryata shi. Tun yana da baƙin gashi yake farautar hujjar, har kansa ya yi fari fat. Yanzu ma ɗalibai biyu masu neman digirin dakta suna ƙarƙashinsa, magidanta masu iyali, duk rayuwarsu ta rataya a kan wannan huɗu.

Auta ba ta fita neman rigima ba, rigimar ce ta same ta a kujerarta. Aikinta a lokacin a kan turakun sadarwa yake. Turke biyu maƙwabta ba sa aiki da zango ɗaya, in sun yi, muryoyin masu waya sai su cakuɗe. Turaku su ne ɗigo, maƙwabtaka ita ce layi, zango shi ne launi. Da ta lura tsarin turakun da take gwadawa saƙar gizo ne sak, sai ta umarci na'ura ta raba musu zango huɗu, don ita ma, duk da komai, ta yarda da maganar Kawu kamar yadda ta yarda gobe rana za ta fito. Na'ura ta yi ta rabawa lafiya lau, tsari bayan tsari, har ta zo kan wani ta cije. Na'urar ta ce huɗu ba za su isa ba, sai an ƙara na biyar.

Auta ta zargi kanta da farko. Ta warware shirin da ta rubuta wa na'urar, ta sake ɗinke shi. Ta kai wa wani abokin aikinta ya gwada da nasa shirin ba tare da ta gaya masa abin da take nema ba. Amsa ɗaya. Da ta tabbata, abin da ya fara zuwa mata ba tausayi ba ne, wani mugun daɗi ne ya ratsa ta har yatsun ƙafa. Yaɓe, ko? Sai daga baya ta tuna furfurar Kawu.

Ta hau sama da takardun a hannu. Ofishin Kawu yana nan yadda ta san shi: allo bango guda, ƙurar alli a kan komai, har kan ganyen furen da ke taga. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai ce ta zauna ba.

"Kawu, wani abu na gani a aikina, na ce kai ya kamata ka fara sani kafin kowa."

"Ina jin ki."

Ta yi masa bayani a tsaye. Ya karɓi takardun, ya auna nauyinsu a tafin hannu kamar mai sayen nama, bai buɗe ba.

"Ɗigo nawa ne a zanen?"

"Sun haura dubu biyu."

"Ke kika bi su ɗaya bayan ɗaya?"

"Na'ura ce ta bi."

"To ki ce na'ura ta hawo ta yi mini bayani da bakinta." Ya tura mata takardun da bayan hannu har wasu suka zube ƙasa. "Hujja abu ce da mutum zai bi da idonsa, hankalinsa ya kwanta. Wannan tulin shara kuwa, kin zuba tambaya a rami, rami ya yi amsa-kuwwa, kin kwaso kin kawo mini. Tun ba a haife ki ba nake kwana da zanen nan nake tashi da shi."

"Kawu, ɗalibanka fa? In abin ba gaskiya ba ne, shekarunsu..."

"Ɗalibaina ba su kawo miki ƙara ba. Tsince takardunki. Ki ja mini ƙofar."

Ta tsince su tana jin hucinsa a bisa kanta. Kafin ta isa gida, waya ta riga ta. Umma, mahaifiyarta, tana zaune a falo, ko mayafin Auta bai sauka ba ta fara.

"Me kawunki ya yi miki da za ki tozarta shi?"

"Umma, ban tozarta shi ba. A ɗakinsa na same shi, mu biyu."

"Ya ce kin je kina gaya masa aikin rayuwarsa ƙarya ne. Mutumin da ya ɗauke ki a kafaɗa! Ke ko gaskiya ce, dole sai daga bakinki za ta fito? Duniya ta ƙare ne da masu lissafi? Hannun da ya ba ka ci ba a gatsa masa haƙori, Auta."

"To in na yi shiru, biyar za ta koma huɗu?"

"Ni ban san huɗunku da biyar ɗinku ba. Ƙanina na sani. Ki bar maganar nan."

Auta ba ta bar ta ba, sai dai ta sauya mata hanya. Maganar Kawu ta yi mata zafi ne saboda akwai gaskiya a cikinta: ita kanta ba ta san dalilin da ya sa huɗu suka gaza ba, ta dai san sun gaza. Sai ta shiga rage zanen. Ta cire ɗigo, ta gwada, in har yanzu yana neman biyar ta bar shi a cire, in ya koma huɗu ta mayar. Inda na'ura ta tsaya, ta ci gaba da fensir, da irin dabarun da Kawun ya koya mata tun tana sakandare, abin da ya ƙara ba ta haushi. Damina ta shigo ta fita tana wannan aiki. A ƙarshe zanen ya tsuke har ya shiga shafi guda, ɗigo ashirin da 'yan kai, kuma ta ga zuciyarsa: wasu zobba uku ne da suka sarƙe, kowane yana tilasta wa na kusa da shi launi, har a zagayo a rasa na ba ɗigon ƙarshe.

Ta sake hawa sama. Wannan karon ko ƙofa bai buɗe ba. Ta ji motsin alli a ciki ya tsaya, ta yi sallama, alli ya ci gaba.

Ana haka aka kafa sanarwar taron bincike na shekara, inda kowane malami ke faɗin inda aikinsa ya kai, ga baƙi daga wasu jami'o'i. Jawabin Kawu ne na rufewa, kuma taken da ya ba shi ya nuna hujjar huɗu ta kusa kammala. Shugaban Sashe, mutum mai tsoron rigima kamar tsoron maciji, ya tare Auta a matakala.

"Dakta, na ji ƙishin-ƙishin. Don Allah ranar nan a yi taro lafiya a tashi lafiya."

"Ranka ya daɗe, in an ce akwai mai tambaya, a yi shiru?"

"Ni dai na roƙe ki," in ji shi, ya wuce yana share gumi.

Ranar taro ɗakin ya cika. An yi jawabi a kan annoba, an yi a kan makullan sirri da na'urorin gobe ba za su iya fasawa ba, an yi a kan shirin da ke duba hujja layi-layi, wanda 'yan sama suka saurara suna taɓe baki. Sannan Kawu ya tashi. Gaskiya ɗaya ce, ba wanda ya kai shi iya jawabi. Ya cika allo da rubutu mai kyau kamar zayyana, ya ce saura mataki guda, kuma ɗalibansa biyu suna kansa. Ɗaliban suna layin gaba, ɗaya har da murmushi. Wannan murmushin ne ya tayar da Auta. Ko kuwa dai takardun da ta tsinta a ƙasa ne. Ita kanta ba ta iya rabewa ba.

"Akwai mai tambaya?" in ji Shugaban Sashe, idonsa a silin.

Ta ɗaga hannu, ta fito ba tare da an kira ta ba. Ta zana zanenta a gefen allo. Ta juyo.

"Farfesa, wannan saƙar gizo ne?"

Ya matso, ya bi sharuɗɗan da ɗan yatsa. "Shi ne."

Ta buɗe jaka ta ajiye alli huɗu a tebur: ja, shuɗi, kore, rawaya. "To ina roƙon a shafa mana."

Wani daga baya ya yi dariya, aka harare shi. Kawu ya ɗauki allin da ƙarfi. Ya fara da sauri, ja nan, kore can, kamar mai raba goro. Ya zagayo ɗigon ƙarshe, ya tarar maƙwabtansa huɗu sun cinye launi huɗu. Ya goge da hannun riga, ya sake ta wani gefen. Ya sake zagayowa wuri ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka da ƙarar alli. A karo na gaba bai ƙarasa ba. Ya tsaya a tsakiya, ya ja da baya, idonsa yana bin zobban nan uku, kuma Auta ta ga lokacin da ya gani. Ba wanda ya san fuskar nan kamarta. Ya fi kowa a ɗakin saurin fahimta, shi ya sa ya fi kowa saurin mutuwa a tsaye.

Ya ajiye allin a hankali. Ya dube ta, ya ce da muryar da kowa ya ji, "Allah ya yi miki albarka. Kin biya ni." Ya fita, rigarsa duk launi.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. 'Yan ƙasa suka riƙa yi mata barka kamar ta ci ƙwallo, abin ya riƙa ɓata mata rai. 'Yan sama suka daina amsa gaisuwarta. Ɗaya daga ɗaliban Kawu ya tattara ya bar karatun, ya koma koyarwa a sakandare. Da suka haɗu a bakin ƙofar jami'a ya kau da kai. Ɗayan ya sauko ƙasa ya roƙi ta karɓe shi, ta karɓa, Kawu ya aika a gaya mata bayan rushe gida har da kwasar kaya. Matar Kawu ta hana 'ya'yanta zuwa gidan Auta. Umma kuwa ta yi wata guda ba ta ce mata komai sai "to" da "a'a". Takardar Auta ta fito a mujalla, shafi uku kacal, ta kuma fi duk abin da ta taɓa rubutawa yawo a duniya.

Kowa ya ɗauka Kawu ya gama. Ya rame, ya daina shiga ɗakin shayi, ƙofarsa kullum a rufe. Ashe aiki yake. Shekara ba ta zagayo ba ya nemi a ba shi ɗakin taro. Auta ta shiga ta zauna a can baya. Abin da ya rubuta a allo ranar ya wuce duk tsammaninta. Ya nuna zanenta ba shi kaɗai ba ne, dangi ne da shi marasa iyaka, kuma ya bayyana asalinsu. Sannan ya tabbatar, da hujja gajeriya mai tsabta, cewa biyar sun isa kowane saƙar gizo, kuma huɗu suna isa muddin babu zobban nan uku. Abin da ya nema duk rayuwarsa ke nan, sai dai a gyare. Da ya zo ambaton inda aka samo zobban, ya ce, "wani misali da ya ɓullo daga ƙasa," kamar yana maganar kyankyaso. Auta ta tafa tare da kowa, tana tafi tana cizon leɓe.

Makonni bayan haka Shugaban Sashe ya shigo ofishinta ya rufe ƙofa.

"Mujallar ta karɓi aikin Farfesa. Sharaɗi ɗaya editan ya kafa: ya ambaci sunanki da takardarki, tunda a kanta ya yi gini."

"To ai daidai ne."

"Ya janye takardar."

Auta ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Ya janye? Gaba ɗaya?"

"Ya ce gara ta ruɓe a durowa."

Da yamma ta tafi gidansa, gidan da ta girma a ciki. Matarsa ta amsa sallama a daƙile, ta nuna mata baranda da haɓa. Yana zaune a kujerar roba, yana yanke farce.

"Kawu, zan gaya wa editan na yafe. Ba sai ka sa sunana ba. Aikin nan ya fi ƙarfin rigimarmu, bai kamata ya mutu ba."

Ya ɗago. Ta taɓa ganin fushinsa, amma ba irin wannan ba.

"Kin yafe? Ke? Sadaka kika kawo mini har gida?" Ya miƙe. "Kin tsayar da ni gaban baƙi da alli huɗu kamar ɗan firamare. Yanzu kuma kin zo ki nuna wa duniya kin fi ni girman zuciya. Ba ki ƙoshi ba ke nan."

"Sau biyu na zo maka a ɓoye!" Muryarta ta tashi, abin da ba ta taɓa yi masa ba. "Ka watsar mini da takardu, ka rufe mini ƙofa. Da ɗan sama ne ya kawo maka zanen nan, da ka rungume shi. Laifina ɗaya, ban zauna a inuwarka ba."

"Fita mini daga gida."

Ta fita. A mota ta yi kuka, na haushi, ba na nadama ba.

Kawu ya yi ritaya a ƙarshen shekarar, ya ƙi liyafar ban-kwana. Hujjarsa ta tafi tare da shi. Waɗanda suka halarci jawabin sun riƙe sakamakon, amma ba wanda ya kwafi matakan duka, kuma a lissafi abin da ba a wallafa ba kamar ba a yi shi ba ne, ba mai iya gini a kansa. Auta kuwa tana bukatarsa a aikin turakunta. Sai ta zauna ta sake gino hujjar da kanta. Ba ta iya gano gajeriyar hanyarsa ba, duk yadda ta yi. Tata ta fito doguwa, mai kwane-kwane, rabi da hannu rabi da na'ura, ta kuma ci mata kusan shekara biyu. Da ta wallafa, ta rubuta a shafin farko cewa shi ya fara tabbatar da wannan sakamako, da hujjar da ta fi tata kyau nesa ba kusa ba, ta kuma raɗa wa ƙa'idar sunansa. Masu bincike suka ɗauka, sunan ya bi ta.

Ba a jima ba Umma ta kira ta. Da ta shiga falon ta tarar da Kawu zaune, sandarsa a jingine da gwiwa. Ta gaishe shi, ya dubi yayarsa.

"Yaya, ki gaya wa 'yarki ta cire sunana daga wannan tarkace. Ban ba ta aro ba."

"Umma, ki gaya wa Kawu an riga an buga. In tarkacen ya dame shi, ya fito da tasa hujjar, kowa zai manta da tawa."

"Ki gaya mata wayonta bai kai nan ba. So take in sa sunanta."

"Ki gaya masa ni na sa nasa, ban mutu ba."

Umma ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Ni ba ɗan aike ba ce," in ji ta. "Da na san haka lissafi yake, da ɗinki na sa ku duka biyun." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Suka zauna, kowa yana kallon nasa bangon. Can Kawu ya jawo sandarsa ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Babinki na uku ma duk bai da amfani. Layi biyu sun isa."

"Waɗanne layi biyun?"

"Ki tambayi na'urarki," in ji shi, ya sa takalmi ya tafi.

Bai taɓa fito da hujjar ba, ita kuma ba ta cire sunan ba.